Mai Jan-baki a Bakin Igiya

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo wai na riƙe muku shafin nan da gangan, kun yi gaskiya, da gangan ne. Ba ciwo nake ba, ba kuma aiki ne ya sha kaina ba. Kunya ce. Ke kuma da kika ce za ki biyo ni har gareji ki matse bakina, yi zamanki, ga shi nan. Ku karanta, mai zagi ta zaga, ba zan ce uffan ba.

* * *

Safiyar Asabar ce ta tattakin alfahari, wanda 'yan maɗigo da 'yan luwaɗi ke yi shekara-shekara. Mun jera baburanmu a bakin titin Lange Reihe, an kewaye mu da igiya, domin mu mata masu babur mu ke buɗe wa tattakin hanya kowace shekara. Ana ɗan yayyafin nan na Hamburg da ba ya jiƙa mutum kuma ba ya ƙyale shi.

A gaban kowa, babur ɗin Kalle. A gefensa kuma ni, Wiebke, sai hura hanci nake.

Ga waɗanda suka tsinci labarin a tsakiya, Kalle ce ta kafa ƙungiyarmu tun zamanin da ake jifan irinmu da kwalba a titi. Buc ce ta gasken gaske, wato 'yar maɗigo mai shigar maza, uwar duk wata mai askin maza da wando da takalmin aiki a unguwar nan. Ban taɓa ganinta ido da ido ba. Sa'ad da na baro ƙauyenmu ciwo ya riga ya kwantar da ita, ta kuma rasu da sanyin bana. Hotonta kawai na sani, wanda ke rataye a mashayarmu. Askina daga hoton na kwafa, har yadda nake naɗe hannun riga.

Babur ɗinta ya daɗe a mace a bayan gareji. Ni na tashe shi da hannuna. Shi ya sa Gesa, shugabarmu, ta ce bana ni zan ja gaba a kansa.

Budurwata Maren tana tsaye daga gefe, riƙe da hular kwanona. Ita fem ce, wato mai shiga da kwalliya irin ta mata, ta sha doguwar riga ruwan ɗorawa da takalmi mai tsini, ta ja girarta kamar za ta gidan biki.

Ina goge fitila na ga an ɗaga igiya.

Wata tsohuwa ce. Riga shuɗiya mai furanni, sarƙa a wuya, jakar hannu, gashi fari tas an nannaɗe shi, baki kuwa ya sha ja raɗau. Ta taho a hankali, ba ta kalli kowa ba, ta ɗora hannu a kan babur ɗin Kalle.

Dokarmu guda ce, ko wadda ta shigo jiya ta san ta: ba a taɓa babur ɗin wata. Kuma duk shekara sai mun sha fama da 'yan kallo. 'Yammatan da suka fito shagalin ƙawarsu amarya sun sha sun yi tatul su haye mana babur, maza masu kyamara su ce mu yi murmushi. Dama a wuya nake.

"Ke, baiwar Allah! Sauke hannunki."

Ko waigowa ba ta yi ba. Ta matsa birkin gaba, ta saki, ta sake matsawa, kamar mai latsa tumatir a kasuwa.

"An gyara shi," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Kaka, da ke fa nake. Kin ga igiyar can? Bayanta ne wurin 'yan kallo."

"Ni ba 'yar kallo ba ce, yarinya."

"To 'yar mece ce? Coci yana can gaba, kuma yau Asabar."

Yaranmu suka kwashe da dariya. Dariyar nan ita ta kai ni ta baro ni. Na ji kaina ya ƙara girma, na ga wata ta ɗaga waya tana ɗauka, sai na ƙara murya.

"Ina mijin naki, ya bar ki kina yawo cikin 'yan maɗigo? Kira shi ya zo ya ɗauke ki tun ba mu lalata masa ke ba."

Sai a nan ta ɗago ta dube ni.

"Rana ɗaya tak muke da ita a shekara," na ce, "sauran duk naku ne. Babur ɗin nan na wata ce da ta sha duka a titin nan don irina su samu wurin tsayawa. Ba kayan ɗaukar hoto ba ne."

Na kama damtsenta. Ba zan yi muku ƙarya ba, kamu na yi mata ba na wasa ba. Na ja ta har bakin igiya, na ɗaga, na fitar da ita.

Ta gyara hannun rigarta. Ta ƙare min kallo tun daga takalmi har ka.

"Askin ya karɓe ki," ta ce. "Ƙeyar ce aka bari a karkace."

Ta juya ta shige cikin mutane.

* * *

Ba a jima ba Gesa ta dawo daga wurin 'yan sanda, da kofin gahawa a hannu da burodin kirfa a takarda.

"Me ya faru kuke ta ɓaɓɓaka dariya?"

"Wiebke ce ta yi maganin wata tsohuwa," in ji mai wayar. "Zo ki gani."

Gesa ta leƙa wayar tana tauna. Sai taunar ta tsaya.

"Mayar baya."

Aka mayar.

"Wiebke."

"Na'am."

"Kin san wa kika ja haka?"

"Wata ce kawai, ta zo tana tattaɓa..."

"Traute ce."

"Wace Traute?"

"Matar Kalle."

Kiɗan manyan motocin da ke bayanmu bai tsaya ba, amma ni na daina jin sa.

"Ai... ai kin ce ba za ta zo ba."

"Haka ta ce min. Tun ranar da aka binne Kalle ba ta taka ƙofar gida ba. Na je, na kira, na roƙa, ta ce ba za ta iya ba. Yau ta iya." Gesa ta ajiye kofin a ƙasa a hankali. "Shekara arba'in da ɗoriya suna tare. Kuma kika tambaye ta mijinta."

"Gesa, ta ina zan gane ta? Ban taɓa ganinta ba!"

"Kin gan ta. Kullum kina zaune a ƙarƙashinta kina shan giya."

"Ina?"

"Hoton da kike bauta wa. Hannun wa Kalle ke riƙe da shi?"

Na runtse ido. Ga Kalle da rigar fata, ga sigari a bayan kunne. Ga kuma, eh, wata mace a gefenta da riga mai ɗigo-ɗigo, tana dariya. Shekaru ina kallon hoton nan, ban taɓa tambayar ko wace ce ba. A raina na ɗauka wata ce da ta faɗo cikin hoto.

Na juya wajen Maren ko zan samu mai cewa ba komai. Ba ta ce ba.

"Ni ban yi mamaki ba," ta ce.

"Haba Maren, har da ke?"

"Ranar da na fara shiga mashayarku, me kika ce min?"

Na kawar da kai.

"Faɗi mana, ai bakinki bai mutu ba ɗazu."

"Na ce... ko kin yi ɓatan kai ne."

"Kika ce gidan rawar da nake nema yana gaba. Na yi dariya a lokacin don kin burge ni, ba don abin ya ba ni dariya ba." Ta tura min hular kwanon a ƙirji. "Ɗazu da kike jan matar nan, kaina na gani nan da shekara arba'in."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata na shige.

Gesa ta dubi agogon hasumiyar coci.

"Sha biyu na bugawa za mu tashi, 'yan sanda ba sa jiran kowa. Amma ki saurare ni. Babur ɗin Kalle ba zai motsa daga nan ba sai Traute ta dawo da ƙafarta. In ba ta dawo ba, a nan zai kwana, ke ma ki nemi wata ƙungiyar."

Na cilla hular, na kutsa cikin jama'a.

* * *

Duk inda na waiga tuta ce mai launin bakan gizo, da fuskoki masu ƙyalli, da mutane suna rungume juna. Wata ta ja ni za ta manna min takarda a riga, na fizge. Na leƙa shagon burodi, na leƙa kantin magani. Ban taɓa jin na tsani takalmina da askina irin na ranar ba.

A bayan babbar tashar jirgin ƙasa na same ta, inda ba a rufe hanya ba, zaune a rumfar jiran bas ita kaɗai. Ta buɗe ɗan madubi tana gyara jan-bakinta. Layin bai kauce ba ko kaɗan.

A damtsenta ga shatin yatsuna, ya fara yin shuɗi.

Na tsaya ina haki.

"Madam... Traute... ban san yadda zan kira ki ba."

"Ɗazu Kaka nake. Ci gaba da Kakar."

"Don Allah ki yafe min. Ban san ke ce ba."

"Na sani." Ta rufe madubin. "Da kin san ni ce da kin shimfiɗa min rigarki in taka. To da ba ni ba ce fa? Da wata tsohuwar ce mai jan-baki da ba ta auri Kalle ba, ta tattara ƙarfin halinta ta zo yau karon farko? Ita daidai ne a ja ta kamar buhun dankali?"

Na sunkuyar da kai.

"Zauna, kin tsaya min a ka."

Na zauna a ƙarshen bencin kamar 'yar makarantar da aka kai ofis.

"Ke ce mai gyaran?"

"Ni ce."

"Birkin ya yi tauri. Amma kin yi ƙoƙari."

Wannan yabon ya fi mari zafi.

"A zamaninmu ba buc muke ce muku ba," ta ce. "Baba mai tsiwa muke cewa. Kuma tsiwarku muke so, kar ki ɗauka ba ma so. Na ga Kalle ta shigo gidan rawa da kwat ɗin aro, hannun ya fi ta tsawo, na ce wa ƙawata, waccan tawa ce, kowa ta kama kanta. Ni na zaɓe ta. Ita kam sai da ta yi wata guda kafin ta iya kallon idona."

Ta ɗan yi murmushi, murmushin ya ɓace.

"Kin ce ta sha duka a titin nan. Gaskiya ne. Kin san wa ke tsaye a gefenta? Kin san tsinin takalmin wa ya fasa wa ɗayansu goshi? Duk gidan da muka taɓa haya, ni ke shiga wurin mai gida da wannan fuskar, ni kaɗai, in yi masa fara'a har ya ba da makulli, sannan Kalle ta shigo da kaya ta ƙofar baya. An kira ni 'yar maɗigo a garin nan tun ba a yaye uwarki ba, kuma na amsa."

"Na yi kuskure..."

"Ban gama ba."

Na haɗiye sauran.

"Ke in kin fito, askinki ya gama yi miki magana. Ana ganin ki, masu ƙi su ƙi, naki su gane ki. Ni sai na buɗe baki na faɗa. Ga likita, ga maƙwabta, ga mai sayar da furen kabari. A asibiti kowace sabuwar ma'aikaciya sai ta ce, ke ƙanwarta ce? In ce matarta ce. Gobe wata ta zo, in sake."

Wata bas ta zo, ba tata ba ce, ta wuce.

"Kin san wannan ɗan gyaɗa kan da kuke yi wa juna a hanya?"

Na sani mana. Duk inda biyu daga cikinmu suka haɗu, ko ba su san juna ba, sai an ɗan ɗaga haɓa. Ba a magana, an dai ce na gan ki.

"Shekara arba'in ana yi mana shi. A jirgi, a kasuwa, a bakin ruwa. Na ɗauka mu biyu ake yi wa." Ta juya madubin a hannunta. "Da ta mutu na gane ita ake yi wa. Daga maƙabarta na hau bas zan koma gida, ga wata irinki, aski da rigar fata. Na kalle ta, na ɗaga mata haɓa. Kin san me ta yi?"

Na girgiza kai.

"Ta miƙe ta ba ni kujera. Ta ce, zauna Kaka."

Hawaye ya zubo min. Ni da nake taƙama ban yi kuka ba ranar da babana ya watso min kaya waje.

"Shi ya sa na daina fita. Yau da safe na ce, Traute, akwai wuri ɗaya a garin nan da za a gane ki ba sai da ita ba. Na yi awa ina kwalliya, irin wadda take so. Na zo."

Ta dubi damtsenta, ta ja hannun riga ta rufe.

Ban taɓa jin na ƙasƙanta a idon kaina irin na lokacin ba. Na baro ƙauye don an ce ban yi kama da mace ba, na zo birni na kori mace don ta yi kama da mace.

Daga nesa na ji an fara tayar da injina, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar tana zuwa har cikin benci.

Na sauko na durƙusa a gabanta, a kan jiƙaƙƙen siminti, mutane suna kallo.

"Traute, ki yi min duk hukuncin da kika ga dama, amma ki dawo. Ba don ni ba. Gesa ta ce babur ɗin ba zai fita ba sai da ke."

"Gesa ta cika surutu."

"Zan tsaya a gaban kowa in faɗi abin da na yi. Zan karɓi lasifika in faɗa."

"Wato ki sake zama abin kallo."

"To ki zo kawai. Wallahi a hankali zan ja ki. Kar ki ji tsoron komai, tafiyar kamar ta ƙafa ce. Zan sa a ɗaga ki a zaunar, a nemo miki matashi, ke dai ki riƙe ƙuguna sosai, ba zan bari ki faɗi ba."

Ta ƙura min ido.

Sai ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Sau biyu ke nan a safiya ɗaya."

"Me na ce?"

"Yarinya, wa ya ce miki a baya nake zama?"

Bas ɗinta ta iso, ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Direban ya leƙo yana jira.

"Da albashina na ɗinki na sayi babur ɗin nan, kafin in san akwai wata Kalle a duniya. Ni na koya mata tuƙi a bayan ma'ajiyar kaya ta bakin tashar ruwa, tana ihu tana kiran uwarta. Ranar tattaki kaɗai nake bar mata gaba, don na ga yadda take so a gan ta. Sauran kwanakin shekara, ita ke riƙe ƙuguna."

Ta buɗe jakar hannun. Ta ajiye madubin a ciki, ta zaro safar hannu ta fata, baƙa, duk ta tsattsage don tsufa.

"Malama, za ki hau ko in tafi?" in ji direban.

Ba ta ko kalle shi ba.

Agogon coci ya fara bugawa.

Traute ta sa safar ɗaya, ta ja ta da haƙori, sannan ta miƙo min tafin hannunta.

"Ba ni makullin. In kina son ki ga tattakin bana, akwai wuri a baya."